Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Juma'a, mutane ba su gama naɗe tabarmin salla daga kan titi ba labari ya zaga unguwarmu Briqueterie cewa an sace rigar Malam Zainu. Kafin masu tsire su sake hura wuta, wanda bai taɓa ganin rigar da idonsa ba ma ya san wanda ya ɗauke ta. Haka muke a unguwar nan. Ba ma jiran shaida, ita ce take zuwa ta tarar mun gama shari'a.

Rigar kuwa ba ta wasa ba ce. Saƙi ce ta hannu, mai aska takwas da zaren tsamiya, wadda Malam Zainulabideen mai goro ya sauko da ita daga Kano tun kafin a haifi iyayen yawancinmu. Malam ya daɗe da rasuwa. Jikansa Alhaji Nu'man, mai shagunan yadi a bakin babban titi, shi ya ba Zuhura aronta, kuma shi ne yanzu yake tsaye a ƙofar tsohon siton goro na gidansu yana fifita da hularsa.

Zuhura 'yar unguwa ce, 'yar Hamadu tela. Ta yi karatu a Dakar, ta yi shekaru tana aiki a ɗakunan ajiya na gidajen tarihi a Turai, inda ta ga rigunan kakanninmu kwance cikin durowa an rubuta musu wai ba a san masu su ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ta dawo gida ta kama hayar siton nan, ta shafe shi da farin fenti, ta ce sunansa galerie, wato ɗakin nuna kayan fasaha. Aikinta shi ne ta zaɓi kayan fasaha, ta binciko labarinsu, ta tsara su yadda baƙo zai gani ya fahimta. Ta bi gidaje tana lallashi har aka ba ta aron riguna da ƙore da tsofaffin hotuna, bisa alkawarin wani gidan tarihi a Marseille ta Faransa zai nuna su kowanne da sunan mai shi, sannan a dawo da su. Su kuma can za su aiko da tsofaffin rigunanmu da ke hannunsu a nuna a nan cikin unguwa. Rigar Malam Zainu ce uwar tafiyar, hotonta ne ma aka manna a bangaye. Ranar Litinin za a rufe akwatin tafiya. In babu ita babu tafiya, kuma Zuhura ta san ba gidan da zai ƙara ba ta ko aron ludayi.

"Dama mun faɗa," in ji wani daga cikin taron. "Wai aro. Wa ya taɓa ganin Bature ya dawo da aro?"

"Wa ya sani ma ko ita ta sayar tun jiya."

Zuhura ta ji, ta haɗiye. Tana tsaye a bakin ƙofa ta tare da hannuwa biyu. "Ba wanda zai shiga. Ko kai, Alhaji, ka yi haƙuri."

"Commissariat zan je, wajen 'yan sanda," in ji Alhaji Nu'man. "Su tafi da mai gadin nan, zai yi magana."

"Ka ba ni zuwa gobe da yamma. In ba ta fito ba, ni zan raka ka."

Ya yi huci, sannan ya juya ga mutanen gidansa. "To. Amma kada wanda ya kuskura ya gaya wa Goggo. Rigar ubanta ce, kun san hawan jininta."

Goggon tasa ita ce Hajja Mu'mina, 'yar Malam Zainu ɗaya tilo da ta rage a duniya. Kowa ya gyaɗa kai.

*

Garga, wanda Zuhura ta aika a kira, ya iso bayan la'asar a bayan babur, da sandarsa a kan cinya. Bafulatanin Ngaundere ne, dogo, siriri, marar hanzari, wanda ya tsufa yana bin sawun shanun sata daga kasuwar Etoudi. An ce ya taɓa bin wani bijimi har cikin tukunyar mai sayar da abinci, amma shi yana cewa ƙari aka yi, a bakin ƙofa ya tsaya.

"'Yata, ni sawun saniya na sani," ya ce da Hausarsa mai ɗanɗanon Fillanci. "Riga ba ta da kofato."

"Wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa, Baffa."

"Wannan gaskiya ne."

Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a taɓa shi ba. Ya tsuguna a bakin shiga yana leƙen ciki. Kafinta ya yi aikin akwati da safe, don haka garin katako ya kwanta a kan sumunti ko'ina, ɗan siriri kamar an barbaɗa gari a faranti. Can tsakiya ga faffaɗan teburin da rigar take shimfiɗe a kai, wayam. Farin ƙyallen da ake rufe ta da shi yana gefe, an ninke shi tsaf.

"Ke kika ninke wancan?"

"A'a. Daga nan na hango babu ita, ban taka ciki ba."

"Madalla da ke."

Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu. Zuhura ta kai hannu za ta kunna wuta, ya ce ta bari. Kwan lantarki daga sama yake zubo haske, in ji shi, yana shafe sawu marar nauyi. Sai rana ta shigo a kwance ake karanta irin wannan ƙasa. Abin da ya iya gani a lokacin biyu ne kawai, duka kusa da ƙofa: silifas na roba, da wani takalmi mai tsinin baki da ya shigo da jan taɓo.

"Silifas na Haman ne, mai gadi," in ji Zuhura. "Ni da shi kaɗai ke da makulli. Mai tsinin kuma na Taufiƙ ne, mai sayar da gumaka. Ya zo da safe."

"Rufe. Kada ko kyanwa ta shiga sai gobe."

*

Haman yana zaune a kan benci a gefen siton, samari sun kewaye shi wai kada ya gudu, alhali ko tashi ba ya iya yi don tsoro. Garga ya kore su da kan sanda ya zauna kusa da shi. Suka gaisa da Fillanci, sannan ya koma Hausa don Zuhura ta ji.

"Yaushe ka bar ƙofa?"

"Da aka kira salla. Na kulle, na je masallaci, na dawo."

"Masallacin nan na unguwa?"

"Shi."

Garga ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗin Haman guda, ya juya shi. "Ƙasar unguwar nan ja ce. Wannan baƙin mai ne da tsakuwar layin dogo. A unguwar Elig-Edzoa ake taka irinsa. Ko an ɗauke masallacin an kai can ban ji ba?"

Haman ya rufe fuska da hannu. Da ƙyar ya ce matarsa ce ba lafiya, tana gidan yayarta a can. Kafinta na tafiya, Madam Zuhura na fita, shi ma ya kulle ya hau babur ya je ya duba ta, a can ya yi salla. Ya ji tsoron a kore shi, shi ya sa ya ɓoye. Ya zaro makullin daga wuyansa, yana rataye da igiya. "Wallahi bai bar jikina ba."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Haman?" in ji Zuhura. Muryarta ta fi kama da ta gajiya fiye da ta faɗa. "Da na bar ka."

Da suka matsa gefe ta tambayi Garga ko ya yarda da shi.

"Ya yi ƙarya, amma ƙaryar talaka ce mai tsoron aikinsa. Ban ga ɓarawo ba." Ya dubi samarin da suka sake matsowa. "Sai dai su sun riga sun gani."

*

Shagon Taufiƙ yana kan hanyar Ekoudou, cike da gumaka da fuskokin katako waɗanda yake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a matsayin kayan da. Duk unguwa ta san a bayan shagon yake turara su da hayaƙi su tsufa. Ya tarbe su da takalminsa mai tsini da murmushin wanda ya san za a zo.

"Bon, na je, ban musa ba. Na ce ta haɗa ni da Alhaji in saya. Ta kore ni tun daga ƙofa kamar mai tallan maganin ɓera."

"Bayan nan fa?" in ji Garga.

"Na je salla, sahun gaba, kusa da Alhajin ma. Ka tambaye shi." Ya zuba musu shayi. "Baffa, ni ɗan kasuwa ne. In na saci rigar nan wa zan sayar wa? Hotonta yana kowane bango daga nan har Faransa. Ita da kanta ta kashe mini kasuwa." Ya juya ga Zuhura yana dariya. "Kuma ke ma, don Allah. Duk kyan askar nan ba ki ɗauka ba, sai facin da ke ƙasan aljihu kika ɗauki hotonsa kika faɗaɗa ya kai girman ƙofa. Faci karkatacce, ɗinkin 'yan koyo. Kowa ya wuce sai ya tsaya. Shekaranjiya har Hajja Mu'mina na gani, ana dawo da ita daga asibiti, ta sa an tsayar da mota tana ta kallo."

"Facin ne rigar," in ji Zuhura a taƙaice. "Ba za ka gane ba."

Garga ya shanye shayinsa. Maganar Taufiƙ ta yi daidai da ƙasa, domin sawun mai tsini bai wuce bakin ƙofa ba. Suka fito ana yayyafi, hannu biyu babu komai.

A ƙofar galerie suka tarar da wata mata ta zo karɓar ƙoren kakarta, wani dattijo kuma yana son hotunan babansa. Zuhura ta roƙe su su bari sai gobe. Bayan sun tafi ta jingina da bango.

"Baffa, can Turai na sha rantsuwa a gaban manyan mutane cewa in aka amince mana za mu riƙe kayanmu da kanmu. Nan kuma na rantse wa tsofaffi cewa kayansu za su dawo. Ban san wanne zan fara jin kunya ba."

"Je ki ci abinci. Ki roƙa mana rana gobe."

*

Rana kuwa ta fito garau, karo na farko a makon. Haskenta ya ratso tagar gabas ya kwanta a kan sumunti, sai ga garin katakon nan ya fara magana. Garga ya cire takalmi ya shiga yana bin gefen bango, Zuhura na biye da shi.

Sawun da yake nema bai fito daga ƙofar gaba ba sam. Daga bayan wasu alluna da aka jingine a kusurwa ya ɓullo. Garga ya ɗaga allo ɗaya, ga wata 'yar ƙofa ta ƙarfe.

"Tsohuwar ƙofar shigo da goro ce," in ji Zuhura. "Alhaji ya ce makullinta ya ɓata tun yana yaro."

"A wajensa ya ɓata."

Ya nuna mata da kan sanda. Ƙafa ce ƙarama, ba takalmi, taku gajere, ta hagu tana ɗan ja. A gefe ga ɗigon sanda yana tafiya tare da ita. Sawun bai karkata wajen ƙore ko hotuna ba, kai tsaye ya nufi tebur. A gaban teburin Garga ya tsaya. Akwai gurbi biyu a jere, zagayayyu, da shatin tafin hannu ɗaya a gabansu.

"Me kika gani?"

Zuhura ta sunkuya. "Gwiwa. Ya durƙusa ne ya leƙa ƙarƙashin tebur?"

"Mai leƙe gwiwa ɗaya yake sawa, ya tashi da sauri. Wannan ya sa biyu, ya dafa ƙasa, ya zauna a haka har gurbin ya yi zurfi. Kuma da ciwon ƙafa." Ya ja ƙofar ƙarfen, ta buɗe ba gardama, an ma ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa. A waje, ƙarƙashin rumfa inda ruwa bai taɓa ba, ga shatin takalma biyu a jan taɓo, an jera su kusa da juna suna fuskantar ƙofa. "Na bi ɓarayi har gashina ya yi fari, 'yata. Ban taɓa ganin wanda ya cire takalmi kafin ya shiga, ya durƙusa ya gaida abin da zai sata ba."

Suka bi ɗigon sandar ta lungu. Bai yi nisa ba, ya shige ƙofar mata ta gidan Alhaji Nu'man. Ta saman katanga suka hango an ɗaura sabuwar igiyar shanya, babu komai a kanta tukuna. Hayaƙi na tashi, ana jin ƙarar babban baho da ake ja a ƙasa.

Zuhura ta dafe ƙirji. "Wanke ta za ta yi. Baffa, in ruwa ya taɓa zaren tsamiyar nan a hannu zai ruguje."

Ta yunƙura za ta afka, ya tare ta da sanda.

"In kika shiga da gudu kika kama tsohuwa da kaya a gaban surukanta, kin tsirar da riga kin rasa gidan. Shiga ki gaishe ta. Ba wanda zai kama wanki ya bar baƙo a zaune. Ki tambayi lafiyar kowa, har ta kaji. Ni zan tara mutane."

*

Alhaji Nu'man ya ƙi da farko. Ya ce ba za a yi maganar nan a gaban Goggo ba. Garga ya ce kayan ubanta ne, ita ce babba, in ba a gabanta ba to shi bai ga komai ba, zai hau babur ya koma Etoudi. Dole aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Haman ya raɓe a gefe kamar wanda aka kawo yanka, Taufiƙ ya zauna yana kaɗa takalmi, matan gida suka cika ƙofofin ɗakuna. Hajja Mu'mina tana kan kujerarta 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta, sandarta a jingine, Zuhura a ƙasa kusa da ita. An riga an gaida kajin, an koma kan awaki.

"Hajja, wani abu ya ɓace a sito jiya," in ji Garga. "Ana zargin mutum biyu. Wannan mai takalmin, ƙafarsa ba ta wuce ƙofa ba. Wannan mai gadin, laifinsa ya je duba matarsa bai faɗa ba. Yau da yamma Alhaji zai kai shi commissariat."

"Subhanallahi," in ji Hajja. "Me aka ɗauka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Wanda ya ɗauka ta ƙofar goro ya shiga, da makullinsa," Garga ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Ya ajiye takalmi a waje. Ya durƙusa gwiwa biyu ya gaishe da abin, yadda 'ya take gaida uba da safe. Ya ninke mayafin ya ajiye. Ni a sanina wannan ba sata ba ce. Amma ni makiyayi ne, ku ne masu gida."

Hajja ta dubi Garga, ta dubi Haman, sannan ta juya a hankali ta dubi ɗan ɗan'uwanta.

"Nu'manu. Wai rigar Baba ake nufi?"

"Goggo, mun ɓoye miki ne saboda jikinki…"

"Tana kan gadona."

Taufiƙ ya daina kaɗa takalmi. Wata daga cikin matan ta saki murfin tukunya.

"Tun jiya ake ta raɗa a gidan nan, ina shigowa a yi tsit, na ɗauka wani ne ya rasu ake jin tsoron gaya mini. Ashe bawan Allah za ku ɗaure a kan kayan ubana." Ta juya ga Haman. "Ɗana, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba." Hawaye suka zubo wa Haman.

"Amma Goggo, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai da ka ba da ita ka faɗa mini? A bango na gani, kamar kowa." Ta buga sandarta a ƙasa. "A gidan nan ko yaro za a aika Duwala sai an wanke masa riga an kai bugu. Baba zai haye teku, ku tura shi da jirwayen goro da gumin shekaru a wuya? Turawa su ce ba shi da kowa? Na ce in kun tafi masallaci in ɗauko, in wanke, in kai wa mai bugu, in mayar kafin Litinin. Ruwan sama ne ya hana ni jiya."

Zuhura ta runtse ido ta yi hamdala a ranta. Sannan ta gyara durƙuso. "Hajja, ban zo na nemi izininki ba, na tsaya a wajen maza. Ki gafarce ni. Amma rigar ta tsufa, ba za ta ɗauki ruwa ba, balle bugu. Can ma ba sabuwa suke son gani ba. Mutumin da ya sa ta suke son gani."

"Shi ya sa kika manna abin kunyata a titi?"

Hajja ta sa aka ɗauko rigar, mata biyu suka riƙo ta a kan zane suka shimfiɗa. A ƙasan aljihu ga facin, rabinsa a farke yana lilo.

"Ni na yi shi," in ji ta, muryarta ta sauka. "Ina 'yar ƙanƙanuwa, ban fi fara ɗaura zane ba. Sa ne ya yage ta da ƙaho ana gobe Salla. Na ɗauka a ɓoye na ɗinke don in burge shi. Da gari ya waye duk gidan aka yi ta dariya, Inna ta ce a kai wa tela. Baba bai ce uffan ba, ya sa abarsa ya tafi idi. Har ya rasu bai taɓa ce mini ya yi kyau ba, bai kuma ce bai yi ba. Na san haƙuri ya yi da ni. Jiya na fara farke shi, in sa a yi masa na kirki ko sau ɗaya."

Zuhura ta buɗe jakarta ta ciro gilashin ƙara girma da take aiki da shi, sai kuma ta fasa, ta mayar. "Hajja, ba ni hannunki."

Ta kama babban yatsan tsohuwar ta ɗora a kan saƙin rigar. "Kin ji kaushi?" Ta matsar da shi kan facin. "Nan fa?"

"Sulɓi."

"Duk rigar nan babu inda ya yi sulɓi sai nan. Ya siɗe har yana ƙyalli, tsakiyarsa ya yi ɗan rami, kuma launin goro ya kama shi. Wanki ba ya yin haka, zama ba ya yi. Yatsa ne, Hajja. Shekara da shekaru mutum yana shafa wuri ɗaya. Ban san wanda ya ɗinka ba, na dai san mai rigar ya fi son wurin nan da duk askar da ke ƙirjinta. Shi ya sa na ɗauki hotonsa."

Alhaji Nu'man ya ɗago kai. "Haka Kaka yake zama," ya ce a hankali. "Kullum hannunsa a nan. Mu yara mun ɗauka ciwon ciki ne da shi."

Hajja ba ta ɗauke yatsanta ba. Ya zauna cikin ramin daidai, kamar don shi aka yi. Ta daɗe a haka, hawaye na bin kumatunta, ba wanda ya yi gigin ba ta haƙuri. Garga ya juya yana kallon igiyar shanya, don shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Can ta kwance bakin zanenta. Tsohon zaren da ta farke yana ƙulle a ciki, ko guntu ba ta yar ba. "Wannan zai koma?"

Zuhura ta duba shi da kyau. "Zai koma, in an bi a hankali."

"To sa mini a allura. Idona ba ya gani."

*

Ranar Litinin unguwa ta cika a ƙofar galerie. Waɗanda suka ce dama sun faɗa, su ne a gaba suna cewa dama sun san yarinyar nan ba za ta ci amana ba. Mai ƙore ta bar ƙorenta, dattijo ya ƙaro hoto ɗaya. Alhaji Nu'man ya kama hannun Haman a gaban jama'a ya nemi gafara, abin da ba mu taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Garga bai tsaya ba, an ce wata karsana ta ɓata a Etoudi.

Hajja Mu'mina ta zo ta ƙofar gaba wannan karon, amma sai da ta cire takalmi. Ita ta ja farin ƙyallen ta rufe rigar kafin a ɗora murfi, ta ce wa Zuhura in kayan can sun iso a kira ta, wataƙila ta gane na wani. Sannan ta nemi a karanta mata abin da za a rubuta a gefen rigar a Marseille.

Zuhura ta karanta da Faransanci, ta maimaita da Hausa: rigar Malam Zainulabideen mai goro, na Briqueterie. Facin aikin 'yarsa Mu'mina ne, ta ɗinka tana yarinya, ta sake ɗinkawa tana tsohuwa.

Mu da muka leƙa kafin a rufe mun gani. Hannunta rawa yake yi yanzu, don haka ɗinkin ya fito a karkace kamar na farko. Ba wanda ya ce a kai wa tela.